Daga Saboba Zuwa Bawku: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kan Wasanni, Raye-raye Da Muhawara A Makarantunmu

Da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai allunan sanarwa na makarantun kwana da kwalejojin arewacin Ghana su cika da takardu. Wannan ta gasar gida-gida ce, waccan ta makon majalisar ɗalibai, ga ta daren al'adu, ga ta muhawara, ga ta musabaƙar Alƙur'ani. A daidai lokacin ne yaro kan bugo waya gida yana neman kuɗin takalmin gudu, ko yarinya ta ce an zaɓe ta cikin masu zuwa Tamale wakiltar makaranta. Uba a Zangon Yendi ko na Salaga yakan amsa da tambaya ɗaya: karatu na tura ka ko wasa?

Tambayar tana da hujja, domin wanda ya sayar da buhun doya ko na masara ya yi wa ɗansa sayayyar makaranta yana da haƙƙin sanin inda lokacin yaron yake tafiya. Ga bayanin yadda waɗannan taruka suke, wanda ke shirya su, inda suke kai mai rabo, da wuraren da ya kamata iyaye su sa ido.

Makarantun da ake magana a kansu

A Saboba, garin Konkomba da ke kusa da kogin Oti da iyakar Togo, akwai babbar sakandaren E.P. da makarantar koyon sana'a ta St. Joseph. Yendi, inda fadar Ya-Na, sarkin Dagwamba, take, tana da babbar sakandaren Yendi, da kwalejin horar da malamai ta St. Vincent, da kwalejin koyon aikin lafiya. In ka yi kudu za ka tarar da kwalejin horar da malamai ta E.P. a Bimbilla, sannan Salaga da sakandarenta da ta T.I. Ahmadiyya, ga kuma kwalejin jinya da ungozoma a Kpembe, dab da garin. Can arewa akwai babbar sakandaren Bawku, da makarantar koyon sana'a, da kwalejin jinya ta cocin Presbyterian, sai kwalejin horar da malamai ta Gbewaa a Pusiga, wadda aka kafa a 1953. A Tamale kuwa akwai tsohuwar kwalejin Bagabaga da ta fara tun 1944, da Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wato UDS, wadda aka kafa a 1992.

Wani abu da ya sauya a 2019 ya shafi wasanni kai tsaye. A shekarar ne aka raba tsohon Yankin Arewa gida 3. Saboba da Yendi da Bimbilla suka zauna a Yankin Arewa mai hedikwata a Tamale, Salaga ta koma sabon Yankin Savannah mai hedikwata a Damongo, Bawku kuma dama tana Yankin Gabas ta Sama, ƙarƙashin Bolgatanga. Tunda gasar makarantun sakandare tana bin tsarin yankuna ne, ɗan Salaga da ɗan Yendi da a da suke takarar gurbi ɗaya, yanzu kowa da tutar da yake ɗagawa. Wannan ya ƙara wa yaran ƙananan garuruwa damar a gan su.

Kowace makaranta da nata jadawalin, kuma kalandar karatu ta yi ta sauyawa tun da aka shigo da karatun sakandare kyauta a 2017, aka bi shi da tsarin shiga rukuni-rukuni a 2018, sannan annobar korona ta zo ta ƙara rikita lissafi. Saboda haka ranar taro a wurin makarantar ake jinta. Amma yanayi ba ya bin kalandar gwamnati. Damina a nan ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma idan Oti da rassansa suka cika a Agusta da Satumba, hanyar Yendi zuwa Saboba takan yanke, motar 'yan wasa ba ta da ta cewa. Daga Maris zuwa Afrilu kuma zafi yakan kai maki 40 ko ya zarce. Tsakanin waɗannan biyun, lokacin hunturu ne ya fi dacewa da fili.

Tsanin wasanni

Komai yana farawa ne daga gasar gida-gida. Kowane ɗalibin makarantar kwana yana da gidan da aka sa shi, kowane gida da launin rigarsa. Ana yin tseren mita 100 da 200 da 400, da dogon zango irin mita 1,500 da 5,000, da gudun ba da sanda, da dogon tsalle da tsallen sama, da jifan mashi da dalma da faifai. Ga ƙwallon ƙafa, ga ta raga, ga ta hannu. Malamin wasanni yana tsaye da agogo da littafi yana rubuta sunaye. Daga cikin waɗanda suka yi fice a ranar ake tsamo tawagar makaranta.

Mataki na gaba shi ne gasar tsakanin makarantu, wadda kowane ɗan Ghana ya sani da suna Inter-Co. Makarantun shiyya ɗaya suna karawa, zakarun shiyyoyi su haɗu a babbar gasar yanki, daga nan a zaɓi masu wakiltar yankin a matakin ƙasa. Ga yaran Yankin Arewa, babban buri shi ne a taka filin wasa na Aliu Mahama da ke Tamale, wanda aka gina domin gasar cin kofin Afirka ta 2008. Yaron da duk rayuwarsa a kan jar ƙasa yake gudu, wani lokaci ba ko takalmi, ranar da ya fara ɗora ƙafa a kan shimfiɗar tsere ta gaske ba ya mance ta.

Kwalejojin horar da malamai suna da tasu ƙungiyar wasanni mai suna COESA. Kwalejojin gwamnati na ƙasar an kasa su shiyya-shiyya, kuma St. Vincent da Bimbilla da Gbewaa da Bagabaga duk suna shiyyar arewa. Jami'o'i kuma suna da GUSA, wadda UDS ta karɓi baƙuncin gasarta a Tamale a 2018.

To, ina wannan tsani yake kaiwa? Abedi Pele ya yi karatu a sakandaren Ghanasco ta Tamale, ya buga wa Real Tamale United, daga baya ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka sau 3 a jere, 1991 da 1992 da 1993, ya kuma ci kofin zakarun Turai da ƙungiyar Marseille ta Faransa a 1993. Wani zai ce wannan tsohon labari ne. Ga na jiya-jiya. Abdul-Rasheed Saminu, ɗan ƙasar Nanumba da ke tsakanin Yendi da Salaga, ya bi ta wasannin makaranta, ya shiga Jami'ar Ghana, ya samu gurbin karatu a Amurka, kuma a 2025 ya kafa sabon tarihin Ghana a tseren mita 100 da daƙiƙa 9.84. Mukarama Abdulai, 'yar Tamale, ita aka ba kyautar gwarzuwar mai zura ƙwallo a gasar cin kofin duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Uruguay a 2018, da ƙwallo 7. Sannan a watan Satumba na 2025, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗaliban UDS ta je birnin Dalian na ƙasar Sin ta ɗauko kofin duniya na jami'o'i, bayan ta doke Jami'ar Paulista ta Brazil da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe. Ɗalibai ne daga Tamale, irin waɗanda muke haɗuwa da su a tashar mota.

Ba na son in yaudari kowa da waɗannan sunaye. Cikin yara ɗari da suka shiga tsere, da wuya a samu ɗaya da gudu zai zama sana'arsa, kuma yaron da ya watsar da littafi saboda mafarkin Turai ya cuci kansa. Ko gurbin karatun da 'yan tsere ke samu a Amurka, sai da takardar jarrabawa mai kyau ake ba da shi. Amfanin da ya fi yawa yana wani wuri. Ɗalibin kwalejin malamai gobe shi za a tura wani ƙauye a gundumar Saboba ko Gwanja ta Gabas, inda babu malamin wasanni na musamman. Shi zai auna fili da igiya, ya zuba toka ya ja layi, ya hura usur, ya raba faɗa tsakanin yara. In bai taɓa shiga an yi da shi a kwaleji ba, ɗalibansa ma haka za su tashi.

Abin da fili yake haɗawa

Akwai maganar da ba a son faɗa, amma duk ɗan wannan yanki ya san ta. A 1994 an yi mummunan rikici tsakanin Konkomba a gefe ɗaya da Nanumba da Dagwamba da Gwanja a ɗaya gefen. Ya faro ne daga kusa da Bimbilla, ya cinye rayuka masu yawa da ƙauyuka, sai a 1996 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kumasi. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na II a Yendi, kujerar ta zauna babu mai ita har zuwa Janairun 2019 da aka naɗa Ya-Na Abukari na II, bayan doguwar sasantawar da Asantehene, sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu na II ya jagoranta tare da Nayiri, sarkin Mamprusi, da Yagbonwura, sarkin Gwanja. Murnar wannan sulhu ce ta sa aka kai babban faretin ranar 'yancin kai na 6 ga Maris 2019 Tamale, shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya zo a matsayin babban baƙo. Bawku kuwa har yanzu tana fama da rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, da dokar hana fita da ta sha hana makarantu gudanar da harkokinsu yadda suka saba.

Yaran da ke kwalejojinmu yau 'ya'ya ne da jikokin mutanen da suka ga waɗannan abubuwa da idonsu. A gida kowa da labarin da aka ba shi. A aji suna zaune ne kawai suna kallon allo, malami na magana, ba dole ne wani ya kula wani ba. Amma ƙungiyar gudun ba da sanda mutum 4 ce, kuma dole kowa ya miƙa wa na gabansa sanda a hannu, ya amince ba zai yar ba. A ƙwallon ƙafa ma, idan mai tsaron gida Bakonkombe ne, mai tsaron baya ɗan Dagwamba, ɗan gaba kuma yaron Zango, to sun yi wata guda suna fita atisaye tun asuba, suna shan ruwa a jarka ɗaya, suna kwana a aji ɗaya a garin da suka je gasa. Ba na cewa ƙwallo za ta warware rigimar ƙasa ko ta sarauta. Wannan aikin manya ne da hukuma. Abin da na tabbata shi ne, mutumin da ka yi kuka tare da shi ranar da aka fitar da ku a bugun fanareti, da wuya wani ya zo daga baya ya gamsar da kai cewa shi da danginsa duk mugaye ne.

Ko sunan kwalejin Pusiga ma yana tuna mana wani abu. Naa Gbewaa, wanda wurin tunawa da shi yake a garin, shi ne kakan da gidajen sarautar Mamprusi da Dagwamba da Nanumba suke komawa gare shi. Ɗalibai da yawa a can suke fara jin wannan tarihi dalla-dalla.

Daren al'adu

A kusan kowace kwaleji akwai majalisar wakilan ɗalibai da ake kira SRC, kuma sau ɗaya a shekara takan ware mako guda na biki. A ciki akwai tattaki cikin gari, da aikin gayya na share kasuwa ko asibiti, wani lokaci da ba da gudummawar jini, da wasanni, da lacca. Amma ranar da ta fi jan jama'a ita ce ta al'adu, inda ƙungiyoyin ɗalibai na kowace ƙabila suke fitowa da kayansu da makaɗansu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga kaɗan daga abin da zai tarar. 'Yan Dagwamba sukan yi Takai: maza sanye da manyan rigunan saƙi, kowa riƙe da ɗan sandan ƙarfe, suna zagaye suna juyi, rigar tana buɗewa, kowa ya juya ya buga sandansa da na maƙwabcinsa daidai da kiɗa. Akwai Bamaya, wadda maza ke yi da shiga irin ta mata suna girgiza ƙugu, da Tora ta mata. Akwai Simpa, kiɗan matasa da ya bunƙasa a Yendi tun wajen shekarun 1930, wanda ake jin Hausa a cikin waƙoƙinsa. Konkomba suna da Kinachung, rawa mai ƙarfi da maza ke yi da hulunan ƙaho da aka yi wa ado da wuri. Kusasi da Mamprusi da Gwanja kowa da nasa. A bayan masu rawa kuma akwai masu lunga, ɗan'uwan kalangunmu, da masu goge.

Makaɗan lunga na Dagwamba, waɗanda ake kira lunsi, sun wuce masu nishaɗantarwa. Su ne ma'ajiyar tarihin masarauta, sun haddace sunayen sarakuna da kirarinsu tun daga tushe, gado ne da ake koya tun ƙuruciya. Bahaushen da ya san matsayin makaɗan fada a Kano ko Katsina ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Idan kwaleji ta gayyato irin waɗannan dattawa, darasin tarihi ne ɗalibai suke samu wanda babu shi a littafin aji.

A nan ne nake da ƙorafi a kan namu. Sau da yawa ɗaliban Zango sukan zauna a gefe suna kallo, kamar ba su da abin nunawa. Alhali Salaga ita ce babbar kasuwar da ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suke dosa domin goron Gwanja, kuma gari ne na malamai. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga yana koyarwa, yaƙin basasar 1892 ya sa ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami waɗanda masana a Turai da Afirka suke nazari har yau. Ɗalibi nawa ne a Kpembe ko Bimbilla ya taɓa jin an gabatar da tarihinsa a dandalin makaranta? Muna da tatsuniya da karin magana da kacici-kacici, muna da wasan kwaikwayo, muna da waƙar baka, muna da langa da dambe da kokawa. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa, kuma harshen yana tafiya a kasuwannin Yendi da Salaga da Bawku. Babu dalilin da zai sa a yi daren al'adu a waɗannan garuruwa a tashi ba a ji muryar Zango ba. Ba sai an jira wani ya gayyace mu ba: a je wurin shugabannin SRC tun ana tsara jadawali a nemi gurbi.

Wasu iyaye suna ƙyamar ranar saboda abin da kan biyo baya da dare, wato casu da gasar sarauniyar kyau da kiɗan zamani har tsakar dare. Damuwarsu gaskiya ce, kuma ɗalibi yana da ikon ya halarci na rana ya bar na dare. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, GMSA, tana da rassa a makarantu, takan shirya nata makon da lacca da musabaƙa da kacici-kacicin addini, ƙungiyoyin Kirista ma haka. Kowa yana da inda zai shiga ba tare da ya saɓa wa tarbiyyar gidansu ba.

Muhawara da kacici-kacici

Wannan sashe shi ne mafi ƙarancin 'yan kallo, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne amfanar ɗalibi kai tsaye. A muhawarar sakandare ana ba da batu, makaranta ɗaya ta goyi baya, ɗaya ta yi suka, kowane ɓangare da babban mai magana da mataimakansa. Alƙalai suna duba ƙarfin hujja, da tsarin magana, da iya mayar da martani, da kiyaye lokaci. Hukumar ilimi takan shirya irin wannan gasa gabanin bikin 6 ga Maris, daga ƙananan matakai har zuwa na ƙasa baki ɗaya. A jami'o'i an fi bin salon majalisar Ingila: ƙungiya 4, kowace da mutum 2, a ba su batu minti 15 kafin a fara, kowa ya yi magana minti 7.

Sirrin abin shi ne ba kai kake zaɓar ɓangarenka ba. Ƙuri'a ce take ba ka, kuma sau da yawa za ka tsinci kanka kana kare ra'ayin da ba naka ba. Yaron da aka tilasta wa zama ya nemo hujjojin abokin hamayyarsa, ya faɗe su da kyau a gaban jama'a, ya koyi abin da manya da yawa ba su iya ba: sauraron magana har ƙarshe kafin a amsa. A yankin da jita-jita ɗaya a WhatsApp za ta iya tayar da gari, wannan ba ƙaramin horo ba ne. Ga kuma amfani na kusa. Malamar jinya da za ta tsaya gaban mata a asibitin Saboba ta yi musu bayanin rigakafi, da malamin da zai fuskanci taron iyaye, da mai neman aiki da zai zauna gaban masu tantancewa, duk baki suke buƙata, kuma a irin wannan dandali ake wasa shi.

Gasar da ta fi kowace suna a ƙasar ita ce ta kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare, NSMQ, wadda aka ƙirƙiro a 1993. Makaranta 3 ke karawa a kowane zama, kowace da ɗalibi 2 a kan dandali, ana yi musu tambayoyi a lissafi da fiziks da kemistiri da ilimin halittu, zagaye 5, Farfesa Elsie Effah Kaufmann ce fitacciyar mai gabatar da ita tun 2006. Ana farawa da gasar share fage a yankuna kafin a je ta ƙasa. Manyan tsofaffin makarantun kudu, irin su Presec ta Legon da Prempeh ta Kumasi, su suka fi ɗaukar kofin, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: suna da ɗakunan gwaje-gwaje, da malaman da aka ware domin horar da tawaga, da tsofaffin ɗalibai masu zuba kuɗi. Ƙwaƙwalwar ɗan Yendi ko Bawku ba ta gaza ta kowa ba. Tsofaffin ɗaliban makarantunmu da Allah ya buɗa wa a Accra da Kumasi da ƙasashen waje, ga inda gudummawarku za ta yi tasiri nan take.

A matakin jami'a kuma akwai tarukan da ba na ɗalibai kaɗai ba ne. UDS tana da taron shekara-shekara da ta sa wa sunan hunturu, Harmattan School, inda malaman jami'a da jami'an gwamnati da sarakuna da ƙungiyoyin sa kai suke zama su tattauna matsalolin arewa, kamar noma da lafiya da ilimi. Tana kuma da jerin laccoci kan shugabanci a Afirka da tsofaffin shugabannin ƙasashe suke gabatarwa, cikinsu har da Olusegun Obasanjo na Najeriya. Manomi da ɗan kasuwa da limami suna da abin faɗa a irin wannan zama, domin rayuwarsu ake tattaunawa.

Inda ya kamata a sa ido

Na farko kuɗi. A kwalejoji ɗalibai suna biyan kuɗin SRC, kuma daga ciki ake shirya makon biki. Haƙƙin ɗalibi ne ya nemi a karanta masa lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe. Idan rabin kuɗin ya tafi wajen ɗauko mawaƙi na dare ɗaya, alhali tawagar muhawara ta rasa kuɗin mota, an yi rabon da bai dace ba, kuma a zauren majalisar ɗalibai ake gyara shi. Iyaye kuma, in yaro ya nemi kuɗin tafiya gasa, ku kira malamin gidansu ko na wasanni ku tabbatar. Tafiyar da makaranta ta shirya tana da malamin rakiya, kuma ɗalibin kwana ba ya fita sai da takardar izini.

Na biyu lafiya. Gudun dogon zango da tsakar rana a watan Maris ganganci ne, ko wane ne ya tsara shi. A yi da sassafe ko da yamma, a tanadi ruwa da akwatin agajin gaggawa. Yaron da ke da ciwon sikila ko asma ko wata matsalar zuciya, a sanar da malamai tun kafin a sa sunansa, kada kunya ta hana. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Maris, daidai lokacin da wasanni suke kankama, don haka ya dace GMSA da hukumar makaranta su zauna tun da wuri su daidaita ranaku. Lokacin zafi kuma shi ne na sanƙarau, a guji cusa 'yan wasa da yawa a ɗaki ɗaya marar iska. Sai batun ƙwayar tramadol da wasu matasa ke sha wai don ƙarin ƙarfi, da cacar ƙwallo ta waya da ke cinye kuɗin abincin ɗalibai. Duk biyun sun shigo makarantu, kuma uban da ya yi shiru bai taimaki ɗansa ba.

Na uku rigima. An sha ganin Inter-Co ta ƙare da jifa tsakanin magoya baya saboda hukuncin alƙalin wasa ko waƙar zambo. A yankinmu zambon da ya taɓa ƙabila ko gidan sarauta wuta ce, bai kamata malamai su bar shi ya wuce a matsayin raha ba. Haka ma ɗauko ɗan wasan da ba ɗalibi ba a sa masa rigar makaranta: ha'inci ne, kuma yana hana ɗalibi na gaskiya damarsa.

Sai maganar 'ya'ya mata, wadda ita ta fi damuna. Yarinya takan yi fice a tsere ko muhawara a shekarar farko, a shekara ta biyu a neme ta a rasa, in an bincika sai a ji daga gida aka hana. Idan sutura ce matsalar, tun 2014 hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince mata su buga da ɗankwali, kuma dogon wando da riga mai dogon hannu ba sa hana gudu. Idan tafiya ce, a nemi sanin malamar da za ta raka su da inda za su kwana, wannan haƙƙinku ne. Muhawara da kacici-kacici da musabaƙa kuwa da hijabinta za ta hau dandali ta sauko. Alhaji, Hajiya, hana ta gaba ɗaya shi ne hanya mafi sauƙi, amma ita ce za ta biya kuɗinsa ranar da aka ce ta tashi ta yi magana a gaban mutane ta kasa.

Yawancin waɗannan taruka a fili ake yin su, kuma makarantu suna maraba da iyaye da mutanen gari, musamman ranar gasar gida-gida da ranar al'adu da ranar rabon kyaututtuka. Ku tambayi 'ya'yanku jadawalin wannan zango, ku riƙe lambar malamin gidansu, kuma in ranar ta zo, ku rufe shago na rabin yini ku je ku gani da idonku.